Ango da Akwatinsa

Ni na ƙera akwatin da hannuna, don haka duk wanda ya ba ku labarin nan ta wata fuska, ku ce masa Yotamu kafinta ya ce ba haka aka yi ba.

Rumfata tana bakin titin Dedza, tsakanin masu sayar da dankali da mai gyaran keke. Da na dawo daga mahaƙar zinariya ta birnin Joni, can ƙasar kudu, da 'yan kayan aikina da tarin da na kwaso a ƙirji, ƙofa da taga na zo yi, da gado da kujera. Ban daɗe ba ciwon ya shigo. A lokacin ba ma kiran sunansa, sai dai a ce wane ya yi doguwar jinya. Yanzu yara a makaranta suna faɗin ƙanjamau da ƙarfi kamar suna faɗin mura, mu kuwa ko a cikin ɗaki sai mun rage murya. Babu mai neman kujera kuma. Duk kafintocin layinmu muka koma yin akwatin gawa, manya a jingine da bango, ƙanana a jere a gaba. Ƙananan nan har yau ba na son tuna su.

A cikin waɗannan shekarun aka kawo mini Binwel a bayan keke. Abokina ne tun muna kiwon awaki. Matarsa ta riga shi tafiya, ni na yi mata nata. Da aka sauke shi sai da aka riƙe shi ta hammata, wandonsa ɗaure da igiya, ƙashin kafaɗarsa kamar zai huda riga.

"Achimwene," in ji shi, wato ɗan'uwa, don haka muke kiran juna, "auna ni."

Na ce ya bar wannan magana, ya koma gida ya sha kunu.

"Kai dai auna ni tun ina iya zaɓen katako. Na san dangina. In na bar musu, a tabarma za su naɗe ni, su ce ai marigayi ba mai son nuna isa ba ne."

Na kwantar da shi a kan teburin aiki na auna shi da igiya. Ya zaɓi mlombwa, katakon da gara ba ta kusanta, wanda masu hali ke yin ƙofa da shi. Na yi masa aiki na gaske, na goge har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Aka kai masa gida, aka ɗora a kan azara daidai saman gadonsa, ya kwanta yana jira.

Sai bai mutu ba. Magani ya iso asibitin gunduma, aka sa shi cikin na farko-farko. Kafin damina ta zagayo ya fara takawa da sanda, wata daminar ya jefar da sandar. Ya kafa kaskon suya a bakin titi, naman akuya da soyayyen dankali, kuma duk wanda ya san mai suya ya san inda rabin ribar ke ƙarewa. Binwel ya yi kumatu, ya yi wuya, ya yi tumbin da ke riga shi shiga coci.

Ni kuma cinikin akwati ya mutu mini a hannu, ban kuwa taɓa jin daɗin mutuwar ciniki irin wannan ba. Na koma gado da bencin makaranta. In Binwel ya zo wucewa sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Achimwene, yi haƙuri fa, na ɓata maka kasuwa!"

Ni kuma in ce, "Ci namanka, ba na gaggawa."

Amma akwatin bai bar azara ba. Kowace shekara bayan an cire masara sai ya sauko da shi, ya kakkaɓe, ya shafa masa mai, ya mayar. Haka har gemunmu ya yi fari.

Asibiti da nisa, don haka masu shan maganin a yankinmu suka haɗa ƙungiya: wannan karon mutum ɗaya ya je ya karɓo na kowa, wani karon wani ya je. A nan ya haɗu da Elufe, 'yar ƙauyen Mtalika, can gangaren dutse. Mijinta ya rasu a waɗancan shekarun ya bar ta da ciki. 'Yar ta fito lafiya ƙalau, har ita ma ta haihu. Elufe tana noman dankali da tumatir, baki gare ta kamar barkono. Ranar da layi ya zo kanta, ta kawo wa Binwel robar maganinsa har bakin kasko, ta leƙa ciki ta ce wannan man ya yi yawa, hawan jini ne zai ƙarasa abin da ƙanjamau ta kasa. Ya ba ta nama kyauta. Ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye tas. Daga nan layin Elufe ya riƙa zagayowa da sauri fiye da na kowa, ba wanda ya san yadda aka yi.

Da maganar aure ta nuna, Binwel ya ce in zama wakilinsa. Na san wahalar da ke ciki, don wakili ba ya hutawa: duk ranar da ma'auratan suka yi faɗa, ƙofarsa za a buga. Na dai karɓa. Na je wajen kawun Elufe, Bambo Chisale (Bambo a wurinmu kamar a ce malam ne), wanda shi ne kuma mai garin Mtalika. Aka amince. Binwel zai tattara ya koma garin matarsa, ya zauna a ƙasar danginta kamar kowane namiji a al'adarmu. Ina shirin hawa keke Elufe ta tare ni a bakin rumbu.

"Bambo Yotamu, na ji labarin abin da ke saman gadonsa."

"Wane abu ke nan, Mayi?" na ce, don haka muke kiran mace da girmamawa.

"Kada ka yi mini fuskar coci, kai ka ƙera shi. Ka gaya masa na yi shekaru ina kwana ɗaki ɗaya da mutuwa, na sallame ta. Ba za ta dawo mini cikin kayan ango ba. Ko ni, ko akwatin."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. Binwel ya yi ta juya nama har wani gefe ya fara ƙonewa.

"Kana jin rediyo kuwa?" in ji shi. "Mutanen ƙetaren nan da ke biyan kuɗin maganin sun ce sun gaji."

"Sun sha faɗa."

"Wannan karon ba wasa suke ba. Da na watanni ake ba mu, yanzu sai a tsakuro mana a ce mu dawo. Achimwene, raina yana cikin roba, robar a jirgi take zuwa, jirgin kuma na wasu ne. Duk duniyar nan abin da na tabbata nawa ne, ba wanda zai tashi da safe ya ce ya fasa ba ni, shi ne akwatin nan."

Na yi yawo, na ga duniya, na san ba ƙarya ya yi ba. Sai na ce to ya kawo in ajiye masa a bayan rumfata, ba mai taɓawa. Ya ce to, zai aiko da shi bayan biki.

Ranar tarewa na iso gidansa na tarar an riga an ɗaure kaya a amalanken shanu: katifa, tabarmi, kasko, buhun gawayi. Na ga kayan sun yi tudu fiye da abin da na san Binwel ya mallaka, amma baƙin kwat ɗina na coci ya matse ni, hankalina kuma yana kan jawabin da zan yi a gaban surukai. Na hau gaba kusa da mai amalanke. Binwel ya biyo a ƙasa yana jan akuyar da zai kai musu, wata baƙa mai taurin kai, kowane ganye ta gani sai ta tsaya ta gaisa da shi. Tun kafin mu kai gangare muka bar su a baya.

Hanyar Mtalika duk duwatsu ce. Amalanke ya yi ta tsalle, igiya ta saki, katifa ta zame gefe, tabarmi suka bi ta. Ni ban waiwaya ba, ina ta maimaita jawabi a zuci. A bakin gari akwai rijiyar burtsatse, mata cike. Na cire hula in gaishe su. Wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi bayana, ta saki bokiti, ta ɗora hannu biyu a ka.

Ku dubi abin da ta gani. Yau ake jiran ango. Ga amalanke da kayan ango. A tsakiyar kayan ga akwatin gawa yana ƙyalli a rana. A gaba ga Yotamu, wanda babu gidan da bai taɓa sayen akwati a hannunsa ba, cikin baƙin kwat, hula a hannu. Ango kuwa babu shi.

Kuka ya riga mu shiga gari. Na miƙe tsaye a kan amalanke ina ihu, "Yana raye! Yana baya da akuya!" Wa zai ji ni? Wani ya riga ya karyo rassa ya shimfiɗa a hanya, masu keke suna sauka suna turawa don girmama makoki. Mazan da suka zo shan thobwa, kunun zaƙinmu na biki, suka ajiye kofuna suka tafi ɗauko fartanya da diga don haƙa kabari. Matan coci da suka shirya waƙar aure suka sauya ta a tsakiyar baiti, ba tare da wani ya ba su umarni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda jikin tsofaffi bai manta ba, kowa ya san inda zai nufa da abin da zai ɗauka. Matasa kuwa sun tsaya sororo. Na ji wata budurwa tana tambayar kakarta a ina ake zama, me ake fara yi. 'Yan shekarunta a wancan zamani sun fi sanin hanyar makabarta a kan ta kasuwa.

Elufe ta fito cikin sabon zane. Ta ga akwatin. Ba ta yi ihu ba, ta zauna daɓas a ƙasa, ta zare ɗankwali, ta ce a hankali, "Sai da na ce masa ya rage mai." Sannan hawaye suka zo.

Na diro na durƙusa a gabanta ina rantse-rantse. Ban kai ƙarshe ba sai ga Binwel ya gangaro, gumi sharkaf, yana zagin akuya da uwarta. Ya ga rassa a hanya, ya cire hula kamar mutumin kirki, ya matsa kusa da wani mai fartanya ya rage murya.

"Bambo, sannunku. Wa ya rasu?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya yar da fartanya, ya zura a guje. Sauran suka bi. Na ga wani dattijo da kullum yake kukan gwiwa ya tsallake shingen tumatir ko taɓawa bai yi ba. Akuya ta fizge ta shiga gonar wani.

Da ƙura ta lafa, Bambo Chisale ya sa aka fito masa da kujera ƙarƙashin mangwaro, gari ya taru. Aka sauke akwatin aka ajiye a tsakiya, Binwel a gefensa, kai a ƙasa.

"Tun da aka kafa garin nan," in ji mai gari, "akwati bai taɓa shigowa ba sai da mai shi a ciki, ko mai shi na kwance yana jiransa. Kai ka kawo mana shi ranar biki. Allah ya taimake ka ba a kai ga sara ƙasa ba. Akuyar nan, in an kamo ta, ta zama tara."

"Tara ba ta dame ni ba, Malume," in ji Elufe, don haka muke kiran kawu. Ta miƙe, idonta ya bushe. "A mayar da shi da kayansa. Na binne miji ɗaya. Yau wannan ya sa na binne na biyu tun ban tuƙa masa tuwon nsima ko sau ɗaya ba."

Kowa ya juyo wajena, ni ne wakili. Jawabin da na yi ta haddacewa a hanya ba shi da sauran amfani. Na ce, "Bambo mai gari, ni ma yau na san yana cikin kayan. A bar shi ya faɗa da bakinsa."

Binwel ya faɗa. Abin da ya gaya mini a bakin kasko shi ya maimaita, rediyo da roba da jirgi. A cikin taron nan akwai mutane da yawa masu irin robar a ƙarƙashin matashi, akwai kuma waɗanda iyayensu ke da ita. Ba wanda ya yi dariya.

"Kai kaɗai ke da rediyo?" in ji Elufe. "Ni ma na ji. Na tsorata kamar kowa. Ka san abin da na yi? Na je na dasa fiya a bayan ɗaki, itacen da sai ya yi shekaru kafin a ci ɗansa. Kai kuma ka je ka shafa wa akwati mai. In magani ya yanke, ofishin gunduma za mu je mu zauna a bakin ƙofa, mu da 'yan ƙungiya da 'ya'yanmu da suka yi karatu, har sai an nemo. Ai ana karɓar haraji a kan tumatirina. Namijin da zai raka ni can nake so, ba wanda zai kwanta rigingine yana kallon azara ba."

"Amma nawa ne, Elufe," in ji Binwel, kamar yaron da za a ƙwace wa ƙwallo. "Da awona aka yi shi."

Nan na yi gyaran murya. Na dubi tumbinsa, na dubi faɗin akwatin, na dubi Elufe. Mace mai kai ba ta bukatar dogon bayani.

"Naka ne?" in ji ta. "To shiga. In ya ɗauke ka, ku koma tare, Allah ya ba ku zaman lafiya. In bai ɗauke ka ba, ba naka ba ne, na wani ramammen mutum ne da ban sani ba, kuma ba shi na ce zan aura ba."

Tsofaffi suka fara gunaguni, wai mai rai ba ya shiga akwati. Bambo Chisale ya ɗaga hannu.

"Abin da aka riga aka yi yau ya wuce wannan. Buɗe masa."

Na buɗe. Binwel mutum ne mai taurin kai, ya fi akuyarsa. Ya cire takalma ya jera su, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu. Ya ja numfashi ya shanye ciki iyakar ƙarfinsa, ya fara sauka a hankali. Cinyoyi suka shiga da ƙyar. A nan ya ɗaga kai ya dubi Elufe, tana tsaye da ɗankwali a hannu, sawun hawayen da ta yi masa bai gama bushewa ba. Sai ya saki numfashin. Ba saki kaɗai ba, har ƙara turo tumbin ya yi. Ni na san ko bai turo ba ba zai shiga ba, ni na yi awon. Amma na ga ya turo, ita ma ta gani.

Ya maƙale a ƙugu, ba gaba ba baya, gwiwoyi a sama.

"Achimwene! Ciro ni, katakonka yana cizona!"

Tsohuwar nan ta bakin rijiya ita ta fara. Dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa tana dukan cinya, sai gari duka ya ɗauka. Mai gari ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ƙarti biyu suka kama hannayen Binwel suka ja, akwatin ya taso tare da shi kamar kunkuru. Wasu biyu suka danne, aka sake ja, ƙusa ta yi ƙara, gefe ɗaya ya buɗe.

"A hankali mana!" in ji Elufe. "Kada ku ɓalla mini miji."

Matan coci ba su jira komai ba, suka koma waƙarsu ta farko daga daidai inda suka tsaya. Yara suka kwashe rassan hanya. Mai gari ya yanke cewa akwatin da ba shi da mai shi katako ne kawai, kafinta ya san yadda zai yi da shi. Aka kamo akuyar tara a gonar kabeji, kuma tunda duk garin ba wanda ya kai mai laifin iya suya, shi aka ba wuƙa. Ango ya yini a bakin kasko yana ciyar da waɗanda suka yi masa kuka. Elufe ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa. Na yi jawabina daga ƙarshe, ba wanda ya saurara.

Katakon na warware shi na yi benci. Elufe ta ce ba zai shiga ɗakinta ba, don haka yana waje, kusa da 'yar fiyar, a nan 'yan ƙungiya ke zama ranar rabon magani. Jikarta a kansa take cin dankali tana shafa masa maiƙo, ba ta san ko mene ne a da ba. Murfin ya zama ƙofar akurki. Ban taɓa ganin kaji masu ƙofar mlombwa ba sai na Elufe.

Maganin har yanzu yana zuwa, wani lokaci a makare. Sau ɗaya ya yi jinkirin da ya sa suka tafi ofishin gunduma kamar yadda ta ce, Binwel a gaba, don in ya tsaya a bakin ƙofa ba mai shiga ba mai fita. Abin da zai faru nan da shekaru ban sani ba, na rediyon ma ba su sani ba. Ƙofata dai an buga ta sau da yawa, duk a kan maganar mai da gishiri.

Kwanan baya ina yankan katako sai ga shi a kan keke, tayar baya ta kwanta. Ya sauka, ya zaro igiya daga aljihu.

"Achimwene, auna ni."

Na ajiye zarto.

"Me kuma ya faru?"

"Kujera nake so. Ta robar nan ta baje da ni a gaban surukai, har yau jikar Elufe tana kwaikwayona."

Na zagaya igiyar a ƙugunsa, na sa babban yatsa a inda ta haɗu.

"Ƙara kaɗan," in ji shi. "Ka bar wuri. Ta ce bana za ta fara kiwon alade."